Wasiyyar da Na Bari a Tsibiri na Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta ƙarshen rani ba, ko da ma na so in manta, domin akwai mutum kusan ashirin a garin Minna da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna mini ita duk inda muka haɗu. Gara in ba da labarin da bakina, tunda masu bayarwa gishiri suke ƙara masa. (Wani ma cewa yake yi na suma. Ban suma ba. Zama na yi da ƙarfi.)

A lokacin ina karatun digiri na biyu, a fannin da ke nazarin yadda halittu suke rarrabuwa a tsibirai. Kada sunan ya ba ka tsoro, abin ba shi da wuyar fahimta. Ana zuwa tsibiri ne a ƙirga ire-iren tsirrai da ƙwari da tsuntsaye da dabbobin da ke kansa. Ƙa'idar da aka fara koya mana ita ce, babban tsibiri ya fi ƙarami yawan iri, wanda ke kusa da tudu kuma ya fi na can tsakiyar ruwa, saboda halitta ta fi saurin isa gare shi. Shi ke nan. Sauran duk lissafi ne da cizon sauro.

Ni kuwa ɗan unguwar Limawa ne, jikan kafinta. Jirgin ƙasa ne ya kawo kakana garin nan, kuma tun daga shi har zuwa kaina babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya fi na bokiti zurfi. Gaskiyar magana, sunan fannin ne ya ruɗe ni. Na ɗauka za a tura ni wata ƙasa mai itatuwan kwakwa, in riƙa turo hotuna. Mahaifiyata, Hajiya, ta shiga gida-gida tana cewa ɗanta yana karatun tsibiri. Wata maƙwabciyarmu da kunnenta ya yi nauyi ta ji kamar an ce tsubbu, sai ga ta da sassafe ta zo in taimaka mata da maganin ɓarayin kaji.

Malamar da ke duba aikinmu wata Farfesa ce, mutuniyar Bida, gajeriya, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ranar farko ta dube mu ta saman tabarau ta ce, "Wane ne bai iya iyo ba a cikinku? Ya faɗa tun yanzu."

Safiya, 'yar ajinmu da ke zaune a gabana, ta ɗaga hannu ba tare da wata kunya ba. Ni kuma da yake tun makon rajista nake neman hanyar da za ta san ina duniya, sai na gyara zama na ce, "Ranki ya daɗe, ni ai kifi ne."

Aji ya yi dariya. Safiya ta waiwayo ta kalle ni. Ranar ko abincin rana ban nema ba.

Ƙasar kwakwar da aka tura mu ita ce wani babban tafki da madatsar ruwa ta haifar, tafiyar kamar awa biyu daga Minna. Da ruwa ya cika kwarin, sai kawunan tuddai suka zama ƙananan tsibirai. Farfesa ta ba su lamba, ta raba mana. Ni na samu na Biyar da na Shida da na Bakwai. Aka haɗa ni da wani mai kwalekwale, Baba Ndagi, dattijon Banufe mai fara'a, wanda ya gane ko wane irin kifi ne ni tun kafin mu bar gaɓa, don da hannu biyu na riƙe gefen jirgin, idona a rufe, ina karanta duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Ya rufa mini asiri, Allah ya saka masa.

Dokar Farfesa ta farko ita ce, kafin ka ƙirga ko tururuwa ɗaya, sai ka zagaye tsibirin da ƙafarka, da na'urar awo a hannu. Na Biyar da na Shida na zagaye su, don duwatsu ne tsirara, minti goma an gama. Na Bakwai kuwa bayansa wata irin ciyawa ce da ta fi ni tsawo, ta cunkushe kamar katanga. Na yi taku uku cikinta, wani abu ya motsa, da taku ɗaya na fito. Da na dawo gida sai na buɗe hoton tafkin da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, na bi gefen tsibirin da alƙalami na zana, na rubuta cewa na zagaya. Hoton ya nuna ruwa ta ko'ina. Ban tambayi kaina a wane wata aka ɗauke shi ba.

To, nan fa abin mamaki ya fara. Tsibiri na Bakwai ƙarami ne, kuma daga inda muke shiga jirgi shi ya fi kowanne nisa. Bisa ƙa'ida bai kamata a samu komai a kansa ba sai 'yan ƙadangaru. Amma duk Talatar da na je sai na dawo da littafina cike. Na samu kuɓewa. Na samu yakuwa. Na samu gashin tsuntsun da na rubuta cewa na zabon daji ne. Na samu 'yan ƙananan kashi mulmulallu, baƙaƙe, birjik a ƙarƙashin wata kanya, na zuba su a leda da cokali, na rubuta cewa alama ce ta gada. Wani lokaci nakan ji carar zakara, har da kiran salla, sai in gyaɗa kai irin na masana in rubuta cewa sauti yana tafiya da nisa a kan ruwa.

Wata rana Baba Ndagi ya gan ni ina shinshina ledar kashin, sai ya ce, "Malam, wannan wuri da kana zuwa, bayan shi fa..."

Na ce, "Baba, na san bayansa. Ina da hotonsa daga sama."

Bayan mako biyu ya sake gwadawa. "Malam, in rani ya yi ƙarfi, wancan gefe..."

Na ɗaga masa hannu. "Baba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai naka tuƙi, ni nawa bincike."

Ya ce, "To, Malam." Ya ci gaba da tuƙinsa.

Wata huɗu ina wannan aiki. Ranar da na gabatar da sakamakona a gaban 'yan sashenmu, babbar riga na sa. Na nuna jadawali, na nuna ledar kashi, na bayyana cewa gada tana iya ninƙaya fiye da yadda masana suka zata. Na rufe da cewa ƙa'idar da duniya ta daɗe tana taƙama da ita ta zo jihar Neja ta karye. Har da ɗan dakatawa na yi don a tafa. Mutum biyu suka tafa, ɗaya daga cikinsu sauro yake kashewa.

Farfesa ta daɗe tana kallon ledar. Sannan ta ce, "To. Ranar Laraba za mu je mu gani da idonmu."

Shi ya sa na tafi ranar Talata, don in share wuri in kakkafa alamomi, kada manyan baƙi su sha wahalar gano abin al'ajabi. Baba Ndagi ya sauke ni da hantsi, ya ce zai kai wasu mata kasuwa a wancan ƙetaren, ya dawo kafin azahar.

Wajen sha biyu sai gari ya canza. Hadarin farko na shekara ya taso daga gabas, ba ruwan sama, iska ce zalla. Tafkin da na saba gani lumui ya fara tashi yana faɗuwa. Azahar ta yi, babu Baba. Na duba waya, babu sabis. Ruwan gorata ya ƙare, biredina ma tun da safe na cinye shi don murna. Na tsaya a bakin gaɓa ina ɗaga riga sama ina kaɗawa, babu ko tsuntsu.

Sai na ji motsi a cikin ciyawar nan ta baya.

Ba irin motsin iska ba ne. Wani abu ne ake ja a ƙasa, sannu a hankali, shaaa, ya tsaya, shaaa, ya tsaya. Sai kuma wani gurnani gajere kamar tarin tsoho. Duk karatun da na yi a kan dabbobi ya taru wuri ɗaya a kaina ya ba ni amsa guda: kada ne, yana jan wutsiya.

Ban san lokacin da na hau kanyar nan ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a reshen farko, na rungume gindin bishiyar kamar ɗan goyo, takalmina ɗaya a ƙasa, wandona kuma ya yage tun daga baya har gwiwa. Cinnakun da na yi wata huɗu ina ƙirgawa suka ga dama ta samu, suka fara ƙirga ni su ma.

A nan saman ne wayata ta yi ƙara. Sanda ɗaya ta sabis ta shigo, cajin kuma saura kaɗan. Mai hankali da sai ya kira wani ya ce a zo a ɗauke shi. Ni kuwa na riga na yanke wa kaina hukunci, sai na ga abin da ya fi dacewa shi ne in yi sallama da mahaifiyata. Idona cike da hawaye, na danna na fara saƙon murya. Zan kawo shi yadda yake, don ko na ɓoye akwai masu shi a waya:

"Hajiya, ni ne. Ki yafe mini. Ina kan bishiya, kada yana ƙasa. Hajiya, ban iya iyo ba, ƙarya na yi wa mutane, ko a kwatami ban taɓa yi ba. Dambun naman da kika ajiye wa baƙi da Salla, ba kyanwa ba ce, ni ne. Akwai wata yarinya a ajinmu, Safiya, ki nemo ta ki gaya mata na so ta har ƙarshen raina, hancinta ma kaɗai ya ishe ni. Farfesa kuma, Hajiya, matar nan ba ta da imani ko na ƙwayar zarra, ita ta turo ni nan, amma ki gaya mata na yafe mata duniya da lahira. Wayyo cinnaka! Hajiya, sai mun haɗu a darussalam."

Na tura. Na ga alamar ya tafi. Wayar ta mutu. Har wani sanyi na ji a raina, irin na wanda ya sauke nauyi.

(Hajiya ba ta samu saƙon nan ba sai bayan kwana uku, shi ma wata 'yar unguwar Tunga ce ta kunna mata a gidan suna. Sunanta a wayata yana dab da na zauren hirar ajinmu na waya, inda ɗalibai goma sha tara suke, da malamai uku, da Farfesa.)

Na yi awa uku a kan reshen nan, fuskata tana kallon inda jirgi zai ɓullo. Motsin yakan yi shiru, in fara tunanin sauka, sai in sake jin shaaa, in ƙara ƙanƙame bishiya. Bayan la'asar iska ta kwanta. Can sai na ji ƙarar inji. Jirgi ne mai inji, cike da mutane sanye da rigunan ceto masu ruwan lemo. Na hango Farfesa a gaba, Safiya a bayanta, da 'yan ajinmu shida, da wasu masunta biyu riƙe da mashi. Daga baya na ji cewa Farfesa tana cin abinci a gidanta da ke unguwar Maitumbi ta ji saƙon, ta bar kwanon a buɗe, ta tattaro wanda ta samu, ta tuƙo motar sashenmu da kanta.

Suka sauko, masunta a gaba. Farfesa ta tako har gindin kanyar, ta ɗaga kai ta dube ni ta saman tabarau. Ni kuma ina ta ƙoƙarin juya yagaggen gefen wandona wajen da babu mutane, amma ta ko'ina akwai mutane.

Ta ce, "Kana lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Na gode da ka yafe mini. Sauko."

A nan ne na gane inda saƙona ya je. Wallahi da a ce kadan ya fito a lokacin, da kaina zan sauka in shiga bakinsa. Na saci kallon Safiya, ta sa gefen mayafi ta rufe hancinta, kafaɗunta suna rawa.

Ina cikin laluben reshe da ƙafa sai ga motsin nan kuma, shaaa, kusa ƙwarai. Na ƙwalla ihu, "Ga shi nan! Kada!" Wuri ya hargitse. Wani ɗan ajinmu mai ƙiba ya faɗa jirgi da ka. Masunta suka ɗaga mashi. Ciyawa ta dare biyu.

Akuya ce. Baƙar akuya mai ciki, da doguwar igiya a wuyanta, ƙarshen igiyar ɗaure da guntun turken da ta tumɓuke, tana jan sa a ƙasa. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi tarin nan nata na tsoho, sannan ta tako gindin kanyar, ta juya mana baya, ta zubo sabon sakamakon bincikena a gaban Farfesa, mulmulallu, baƙaƙe, da ɗuminsu.

Farfesa ta dubi kashin, ta dube ni, ta ce, "Gadarka ke nan?"

Kafin in samu abin cewa, ciyawar ta sake buɗewa. Wata dattijuwa 'yar Gbagyi ta fito, da ƙwarya a kafaɗa, zanenta a bushe ƙayau. Ta ce, "Sannu ku. Kun ga akuya na?" Sai ta hango ni a sama, ta washe baki. "A'a, Malam mai kwashe kashi! Yau ka hau sama?"

Farfesa ta gaishe ta da ladabi ta ce, "Mama, kin san shi ne?"

"Kowane Talata yana zuwa. Muna gani shi daga gona. Mun ce ko magani yana haɗa, mun bar shi."

"Mama, da wane jirgi kika zo?"

Tsohuwar ta yi dariya har ƙwaryarta ta karkace. "Jirgi? Da ƙafa mana. Ga hanya."

Na sauko, ko in ce na zamo, na zauna a ƙasa da ƙarfi. Farfesa ta ce kowa ya biyo ta. Muka bi tsohuwar cikin ciyawar da na yi wata huɗu ina tsoro, ni a ƙarshen layi, takalmi ɗaya a ƙafa, rigar ceto ɗaure a ƙugu don rufin asiri. Tafiyar ba ta kai minti biyu ba. A bayan ciyawar ga wata 'yar hanya da ƙafa ta daddale, ga wani siririn ruwa da bai kai idon sawu ba, an ma jera duwatsu a ciki don masu takalmi. A wancan gefen ga gonakin kuɓewa da yakuwa, ga kaji, ga rufin kwanon ƙauye, ga ɗan masallaci da lasifikarsa. Da na waiwaya sau ɗaya tak daga kan kanyar nan, da na hango su duka. Tsohuwar ta ce sai damina ta yi nisa ruwa yake rufe hanyar, wata uku ko huɗu, ya janye.

Muna tsaye sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a bakin hanyar, Baba Ndagi ya sauko daga bayansa. Iska ce ta hana shi ƙetarowa, shi ne ya bar jirginsa a kasuwa ya zagayo ta tudu don ya ɗauke ni. Ya dubi taron, ya dubi ƙuguna, ya ce, "Malam, na ɗauka ka tafi da ƙafa tun rana."

Farfesa ta ce, "Baba, ba ka taɓa gaya masa akwai hanya ba?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, sau biyu ina fara. Ya ce ni nawa tuƙi."

Farfesa ta juyo gare ni, muryarta ƙasa-ƙasa kamar kullum. "Na yi shekaru ina wannan aiki. Yau na fara ganin tsibirin da ake zuwa da acaɓa."

A mota babu wanda ya zauna kusa da ni, ba don ƙiyayya ba, don kowa yana buƙatar wurin da zai yi dariya. Muna shiga gari wani ya kunna saƙon a hankali, aka zo daidai "Wayyo cinnaka!", sai na ga kafaɗar Farfesa ita ma ta motsa, ta yi kamar tana gyara madubi.

Na yi zaton korata za a yi. Na kwana biyu ban fita ba, na uku Farfesa ta aiko a kira ni. Ta ajiye littafina a kan tebur ta ce aikin wata huɗu ya tafi, kuma abin da ya fi ɓata mata rai ba akuya ba ce, zanen da na yi daga hoto ne na ce na zagaya. Wannan, in ji ta, ƙarya ce, kuma a aikinmu ƙarya ta fi kada haɗari. Na ba ta haƙuri da gaske, ba irin na kan bishiya ba. Sannan ta ce tunda Allah ya haɗa ni da wurin da yake tsibiri da damina, ya koma tudu da rani, sai in koma in gwada shi da tsibiran gaske, in ga abin da ke shiga da abin da ke fita. Ya ƙara mini shekara guda cur. Na zagaye kowane tsibiri da ƙafata, Baba Ndagi yana gaba yana bayani, ni ina baya ina rubutawa. Ya kuma koya mini iyo a wurin da ruwa bai wuce cibiya ba, matan ƙauyen suna wanki suna ba ni maki.

Safiya kuwa ba ta ce mini komai ba sai ranar da na kare aikina a gaban malamai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ni fa har yau Hajiya ba ta zo ta isar da saƙo ba." Na tsaya baki buɗe kamar akuyar nan. Sai da na isa gida a cikin a-daidaita-sahu na gane abin da take nufi. Hajiya ta je gidansu, amma sai da ta sa na sayo dambun nama na kai wa kyanwar gidanmu haƙuri a gaban kowa.

Abin da na koya, ban same shi a littafin kowane masani ba. Idan ka ji kamar ajali ya zo, yi salati da bakinka, ka bar waya a aljihu. Mutuwa takan fasa zuwa, na gani da idona. Saƙon murya kuwa, in ya tafi ya tafi.